Su Wa Ke Jiran Baƙo a Makarantar Amurka

Majalisar dokokin Amurka ce ta kafa shirin musayar ɗalibai da ake kira YES a 2002, bayan harin 11 ga Satumba, kuma yana ɗauke da sunan sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar. Manufar ita ce a ɗauko yaran sakandare daga ƙasashen da Musulmi ke da yawa, a sauke su a gidajen Amurkawa, su yi shekarar karatu guda, a san juna. An sa Najeriya cikin ƙasashen, kuma da yake wata ƙungiya ta jihar Iowa mai suna IRIS ce ta daɗe tana kula da 'yan Najeriya, yaran Arewa da dama can suka sauka. Kafin su tashi ana zaunar da su a yi musu bita: ga yadda ake zama da mutane, ga abin da doka ta hana, kada a kuskura a tuƙa mota. Abin da bita ba ta iya shirya yaro a kansa shi ne mutanen da ke jiransa a makaranta ranar farko. Su kuwa ba sa canzawa. Kowace makaranta aka kai shi a ƙarshen watan Agusta, sun riga shi zuwa.

Ta farko tun a gida take, wato uwar riƙo. Kwana kaɗan ke nan da ta fara ganin yaron a filin jirgi, amma yau ta riga shi tashi, ta rubuta ajinsa a ɗan allo, ta ce ya riƙe a ƙirji ya tsaya bakin ƙofa za ta ɗau hoto. Ta ɗauka, ta duba, ta ce ya ɗan yi murmushi, ta sake. Shi kuwa a saninsa ɓarayin da 'yan sanda suka kama ake ba allo a ɗau hotonsu. Tun zuwansa take fama da shi ya riƙa kiran ta da sunanta na yanka, bakinsa ya ƙi. Ina shi ina kiran sunan sa'ar uwarsa gatsal? Da ya ce, "Mama, sai na dawo," sai ga hawaye. Ita ce kuma ta gargaɗe shi cewa yau zafi zai kai 90. Ya yi lissafi ya ga a ma'auninmu 32 ne kacal, ya yi dariya irin ta Basakkwace, ya bar rigar sanyi a kan gado. Bai san na'urar sanyaya aji na can tana jiransa ba.

A ofis za a damƙa shi hannun Ɗan Rakiya, ɗalibin da makaranta ta zaɓa saboda ya fi kowa haƙora a waje. Yaron kirki ne, matsalarsa ƙafa. A wurinmu ɗalibai ke da aji, malamai ke zarya. A can malami ke da ɗaki, ɗalibai ke zarya, kowa da jadawalinsa daban, kuma tsakanin ƙararrawa da ƙararrawa minti huɗu ne ko biyar. Saboda haka Ɗan Rakiya a guje yake bayani: can ɗakin kimiyya, can banɗaki, can kada ka shiga, ka gane ko? Baƙo ya gyaɗa kai. Sai a zo kan loka, ɗan akwatin ƙarfen da ke jikin bango inda ake ajiye littattafai. Kwaɗonta ba shi da makulli, lambobi uku ne. A murɗa dama har lamba ta farko, a koma hagu a zagaye a wuce ta sau ɗaya kafin a tsaya kan ta biyu, a sake dawowa dama. Ɗan Rakiya zai yi sau ɗaya yana kallon wani wuri, ƙofa ta buɗe, ya rufe, ya ce, "Ka gani, ba wuya." Daga nan ba za a sake ganinsa ba sai ranar ɗaukar hoton ƙarshen shekara. Baƙo kuwa sai ya yi mako yana yawo da littattafan darasi bakwai a baya, don kada a gan shi tsaye yana roƙon akwati.

Malamin darasin farko ya shigo da kofin gahawa a hannu. Yaron namu ya miƙe zumbur, kamar yadda aka hore shi tun firamare, ya buɗe baki zai rera gaisuwa, sai ya ga shi kaɗai ne a tsaye, wani ma da hula a kai, wata tana cin cingam. Malam ya fara kiran suna, yana tafiya sumul, har ya iso kan irin su Abdurrahman ko Rukayya. Nan zai tsaya, ya gyara tabarau, ya ja numfashi, ya ba da haƙuri tun kafin ya yi ɓarnar. Yana magana yaron na kallon ƙasa don ladabi, shi kuma malam yana ta sunkuyowa yana neman idonsa, yana zaton ko wani abu ke damunsa.

Da an ce daga Afirka yake, sai masu tambaya su yi sahu, kuma su ne ainihin 'yan kasuwar ranar. Na gaba shi ne Mai Zaki. Ba da mugunta yake tambaya ba, da zuciya ɗaya yake so ya ji ko zaki na shigowa unguwa, ko da giwa ake zuwa makaranta. Abin da ya sani game da nahiyar gaba ɗaya daga fim ɗin The Lion King na 1994 ya samo shi. In baƙon Bakano ne, gaskiyar magana zaki ɗaya ya taɓa gani, a gidan zu, ranar yawon Sallah, shi ma barci yake yi. In ya faɗi haka sai fuskar Mai Zaki ta faɗi, har a ji tausayinsa. Akwai yaran da ba sa iya jure wannan tausayin, sai su ce ƙwarai kuwa, akwai guda biyu a bayan gidansu. Ƙarya ce mai tsada, don har watan Yuni za a riƙa tambayar lafiyarsu.

Na fi jin tsoron Gwanin Afirka. Shi ya san komai, don gwaggonsa ta taɓa zuwa Kenya aikin coci na mako biyu. Zai tari baƙo da gaisuwar Suwahili, ya tsaya yana jiran amsa da fara'a. Sannan ya tambaya ko ya san wani direba a Nairobi, dogo haka, mai yawan dariya. Tsakanin Kano da Nairobi ya haura kilomita 3,000, amma wannan bai dame shi ba, sai ya ƙara bayani: ai yana da farar mota. Bambancinsa da Mai Zaki shi ne Mai Zaki na sauraron amsa. A bayansu kuma ga Mai Yabo, wadda za ta dafa ƙirji ta ce Turancinsa ya yi kyau, a ina ya koya? Yaron da aka sha cin tararsa a makaranta don ya yi Hausa a aji, ga shi ana yi masa barka da iya Turanci. Minti biyu bayan nan zai nemi ruwa da lafazin da malaminsa na Kaduna ya koya masa, ita kuma ta kasa ganewa sai ya nuna da hannu.

A baranda akwai Mai Gaisuwar Wucewa. Zai tambayi baƙo yaya yake, baƙo ya ja birki ya gyara tsayuwa, ya fara: lafiya lau, ya gida, ya iyaye... kafin ya kai ga gajiya mutumin ya sha kwana.

Babbar jarrabawa kuwa ɗakin cin abinci ce. Jihar Iowa ita ce kan gaba a Amurka wajen noman masara da kiwon alade. Mutanenta miliyan 3 ne da 'yan kai, aladunta sun haura miliyan 20. Wanda aka raina a kan cewa ko sunan dabbar nan ba a kira a bakin abinci, ga inda rabo ya kawo shi. Matar Kicin na tsaye da ludayi da safar hannu, layi na matsowa, ba ta da lokacin dogon zance. Ya nuna fiza ya tambaya ko akwai alade. Ta ce babu, fefaroni ne kawai. Ya miƙa faranti, sai wani daga baya ya ce ai fefaronin da alade ake yinsa. Ta tsaya da ludayi a sama, don ita ma yau ta fara tunanin abin. Daga ranar ta zama 'yar sandan farantinsa, tun daga nesa take ɗaga murya, "Ban da wannan, ɗana, ɗauki kaza!" Duk layi ya juyo. A ranar farko dai da tuffa ɗaya da madarar kwali ya tsira.

Sai neman wurin zama. Teburori kowanne da masu shi, 'yan ƙwallo a nan, 'yan kiɗan badujala a can, kuma ba wanda zai ce bismilla. Wannan ya fi aladen ciwo ga Bahaushe, a ci abinci a gabanka ba ko tayin baki. A nan ake gamuwa da Ba-Ruwana, yaron da ke zaune a ƙarshen teburi, bai san inda Najeriya take ba kuma bai damu ya sani ba. Zai janye jakarsa da ƙafa ba tare da ya ɗago kai ba, can ya tambaya ko baƙo na buga wasan ƙwallo na bidiyo. A ganina duk cikin jerin nan shi ne mai amfani, don shi kaɗai bai ɗauki yaron a matsayin darasi ba.

Koci kuwa ba fuska yake kallo ba, ƙafa yake kallo. Ya ji an ce an kawo ɗan Afirka, abin nema ya samu, yana ta hango kofin tseren dogon zango. Ya tambaya ko yana ƙwallo, yaro ya ce tun yana rarrafe. Da yamma aka kai shi fili, aka miƙa masa hular kwano da sulken kafaɗa da wata ƙwallo mai tsini biyu da ake ɗauka a hannu, aka nuna masa wani ƙato aka ce shi zai tare.

Akwai kuma Mai Tsoron Laifi, galibi malamar ba da shawara ce. Ta kwana tana karatu a kan Musulunci a intanet, ta zo da tambayoyi a rubuce. Ta miƙa hannu, ta janye, ta ba da haƙuri, ta ba da haƙuri a kan haƙurin. Amma a yi mata adalci: ita ce ta share ɗan ɗaki a bayan laburare don sallar azahar, har da tawul a madadin darduma. Yaro ya tambayi gabas ya fuskanta, ita ce ta nuna masa waya ta ce daga nan alƙibla arewa maso gabas take. Ya duba, ya ga gaskiyarta. Da ya ji kuma cewa a Cedar Rapids, nan cikin jihar, akwai masallacin da aka gina tun 1934, sai ya rasa wa ke koya wa wa.

Kada a manta da ɗan'uwa a baƙunta, Bajamushen da shi ma musaya ta kawo. Ba wanda ya tambaye shi zaki. Shi kukansa burodi, wai na Amurka ya cika laushi da zaƙi.

Shi kansa baƙon fa? Shi ma iri-iri ne, kuma ba wanda ya zo hannu rabbana, kowa da guzurin jahilcinsa. Akwai wanda ya zaci duk Amurka New York ce, tun daga filin jirgi yake leƙen dogayen benaye, masara ce ke ta wucewa har gida. Akwai Ɗan Canji, wanda ba ya iya sayen ruwan kwalba sai ya mayar da kuɗin naira, in ya mayar kuma ƙishirwar ta tafi. Akwai wanda tun a jirgi ya karya harshe, kafin tashi makaranta ba Amurkawa ke gane shi ba, ba 'yan gida ba. Sai Jakadiya, yarinyar da ta ɗauki maganar bita da gaske cewa ita ce fuskar ƙasarta. An tambaye ta sunanta, ta ba da jihohi 36 da babban birnin tarayya. Ita ma da ta tambayi 'yar ajinsu ko ta taɓa haɗuwa da taurarin fim, kallon da aka yi mata shi ne wanda ta yi wa Mai Zaki da safe.

Na ƙarshe ba a makarantar suke ba, a waya suke. Uwa tambayarta ɗaya ce, "Ka ci abinci?" Ya ce ya ci, bai ambaci tuffa ba. Baba ya ce a riƙe salla, a kama mutunci. Sai kawu ya karɓi wayar, ya yi gaisuwa a gurguje, ya gangaro kan batun iPhone, don a lissafinsa duk wanda ya kwana uku a Amurka ya fara tara dala. Jama'a, yaron nan ɗan makaranta ne, ba a ba shi izinin aiki ba, ɗan kuɗin kashewa ake ba shi a wata. Kuma a watan Agusta muna gaban Iowa da awa 6, in sanyi ya shiga ya koma 7. Duk wanda ya kira shi bayan ya idar da sallar asuba a Kano, tsakar dare ya tashe shi, gobe kuma akwai loka. In ɗanku ne ya tafi, ku kira can bayan isha'i, lokacin da ya taso daga makaranta, kuma kada a ba kawu wayar.