Bayani a kan Tseren Jiragen Ruwa, daga Bangui zuwa ga Taubashi a Katsina

Titin Koudoukou,
Unguwar Kilomita Biyar,
Bangui, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya.
Disamba 2024.

Zuwa ga Taubashi, ɗan Kawu, a Ƙofar Marusa.

Wannan takarda amsa ce ga tambayoyi uku da Taubashi ya aiko ta WhatsApp tare da bidiyon wasu jiragen ruwa masu gudun tsiya, wato ko ana irin wannan tsere a Bangui, da ko mai wasiƙa yana cikin masu yi, da kuma ko akwai kuɗi a harkar har mutum ya rufe shago ya taho. Ganin cewa mai tambayar mutum ne da iyakar hulɗarsa da ruwa ita ce buta da randa da ambaliyar kwata idan damina ta yi tsakiya, ya zama wajibi a faro bayanin daga tushe, don kada a je majalisa bayan la'asar a yi wa jama'a fassarar da za ta zubar da mutuncin zuriya.

Abin da ke cikin bidiyon shi ne gasar da ake kira F1H2O, wadda aka fara a 1981 a ƙarƙashin UIM, hukumar tseren jiragen ruwa masu inji ta duniya, mai hedikwata a Monako, kuma ana zagayawa da ita ƙasashe, har da Sharja da Abu Dabi a ƙasar Larabawa. Jirgin tsawonsa wajen mita shida ne, ƙasansa a rabe gida biyu da rami a tsakani, ta yadda idan gudu ya kankama iska kan cika ramin ta ɗaga shi har ya rage ɗan gefen bayansa kaɗai ke taɓa ruwa. Wannan ne ya sa yakan kusanci kilomita 250 a awa, kuma shi ne dai ya sa idan iskar ta ɗan yi yawa sai jirgin ya tashi sama ya yi alkafura. Direba yana zaune a cikin wani akwati mai ƙarfi, a ɗaure tamau, da kwalbar iskar shaƙa a kusa da shi, kuma cikin sharuɗɗan ba shi izinin shiga gasa akwai a kifar da shi a ruwa da gangan a ga yadda zai kwance kansa ya fito. Yana da kyau Taubashi ya tsaya a kan wannan sharaɗi ya yi dogon nazari kafin ya sa shagonsa a kasuwa.

Gudu mafi tsanani da aka taɓa yi a kan ruwa, kilomita 511 a awa, wani mutumin Ostareliya mai suna Ken Warby ne ya yi shi a madatsar Blowering ranar 8 ga Oktoba 1978, a cikin jirgin katako da ya ƙera a bayan gidansa ya maƙala masa tsohon injin jirgin saman soja da ya saya a gwanjo, lamarin da ya ɗaga darajarsa ƙwarai a idon masu sayar da kayan gyara na Kilomita Biyar, waɗanda suka daɗe suna da'awar cewa ɗan gwanjo ya fi sabo ƙarko. Har yau ba a karya tarihinsa ba, kuma mutum biyu da suka gwada, a 1980 da 1989, sun rasa rayukansu, kamar yadda Donald Campbell na Ingila ya rasa nasa a tafkin Coniston a Janairun 1967. Shi kuwa wasan da ya fi ba Taubashi mamaki, na mutumin da jirgi ke ja da igiya yana tsaye a kan katako, ana kiransa zamiya a kan ruwa, kuma wani saurayi ɗan shekara 18, Ralph Samuelson, ne ya ƙirƙiro shi a 1922 a tafkin Pepin na Amurka da falankai biyu da igiyar shanya. A tserensa na zamani, irin Southern 80 mai nisan kilomita 80 da ake yi a kogin Murray na Ostareliya, doka ta tilasta a ajiye mutum guda a cikin jirgi yana fuskantar baya, ba shi da aikin komai sai kallon waɗanda ake ja da sanar da direba idan sun faɗi. Mai wasiƙa yana ganin wannan ne kaɗai muƙamin da ya dace da baiwar Taubashi a duk faɗin harkar.

Amsar tambaya ta farko ita ce ba a yin irin wannan gasa a Bangui, kuma kogin da kansa ne ya hana. Faransawa sun kafa garin a 1889 a daidai inda duwatsu suka tare kogin Ubangi, saboda nan ne jiragen da ke tasowa daga Barazabil suke tuƙewa, kuma har gobe ruwan yana tafasa a kan duwatsun nan. Da rani, musamman wajen Maris da Afrilu, ruwa kan janye har tuddan yashi su fito manyan jirage su daina zirga-zirga, sannan da ya cika a Oktoba da Nuwamba yakan zo da kututtura da tarin ciyawa. A tsakanin haka akwai tarun masunta, akwai kuma masu haƙar yashi, waɗanda ke nutsewa da bokiti su ciko shi daga ƙasan kogi su juye a kwalekwale har sai bakinsa ya kusa daidaita da ruwa, sannan su lallaɓa da shi gaɓa inda manyan motoci ke jira. Bayan wannan duka kogin iyaka ce ta ƙasa da ƙasa, domin garin da ake hangowa a ƙetare, Zongo, na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ne, kuma tun da jirgi mai gudun kilomita 250 a awa yana cinye kilomita guda cikin ƙasa da daƙiƙa 15, direban da ya yi atishawa a kan kwana zai buɗe ido ne a wata ƙasa ba tare da takardar izinin shiga ba.

Tseren da ake yi da gaske na kwalekwale ne, kuma ranarsa 1 ga Disamba, ranar da Barthélemy Boganda ya shelanta kafuwar jamhuriya a 1958, kafin cikakken 'yancin kai na 13 ga Agusta 1960. Bayan faretin safe jama'a sukan gangara bakin kogi su cika gaɓa, masu sayar da gasasshen kifi da maboke, wato kifin da aka naɗe a ganye aka turara, suna kutsawa a tsakaninsu. Kwalekwalen tsere gungumen itace guda ne da aka fafe, dogo siriri, yana ɗaukar gomomin matuƙa a jere, kowace ƙungiya da launin rigarta, kuma sirrin nasara ba ƙarfin damtse ba ne kaɗai, domin idan filafili ɗaya, wato ludayin katakon da ake tuƙi da shi, ya riga sauran shiga ruwa ko ya makara, sai jirgin ya karkace tafiya ta lalace. Saboda haka akwai mai ba da kiɗa ko waƙa wanda duk hannaye ke bin amonsa, akwai na baya mai riƙe da hanya, kuma ruwan da ke fantsamowa ciki ba ya jiran a gama tsere kafin a kwashe shi. Idan an kusa ƙarewa kiɗan kan ƙara sauri, jirgin ya riƙa zabura gaba da kowane bugu, ihun gaɓa ya rufe komai. Yakoma da Banziri da Sango, mutanen bakin kogi waɗanda harshen kasuwancinsu, Sango, ya zama harshen ƙasar baki ɗaya, sun gaji wannan aiki kaka da kakanni, kuma a ra'ayin mai wasiƙa abin ya fi na bidiyon kyan kallo nesa ba kusa ba, don a can kuɗin inji ake kallo, a nan kuwa haɗin kan mutane. Wanda ya taɓa halartar bikin Argungu ko Rigata ta Yawuri zai gane nau'in wasan.

Game da tambaya ta biyu, sunan unguwar da mai wasiƙa ke zaune ya isa amsa, domin ana ƙirga kilomita biyar ɗin ne daga tsakiyar gari, wanda ke dab da kogi, kuma magabatan Hausawa da Fulani da Barebari da mutanen Cadi da suka kafa kasuwarsu da babban masallacinsu a nan, masallacin da Fafaroma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamba 2015, sun san abin da suke yi da suka bar wannan tazara tsakaninsu da ruwa. Mai wasiƙa yana halartar tsere ne a matsayin mai nazari, daga wurin da ya fi ko'ina tudu, da babbar riga da carbi, kuma ya gamsu da rabon aikin da aka yi tun zamanin da, inda Nufawa, abokan wasan Katsinawa, suka ɗauki ruwa da kifi, Katsinawa kuma suka ɗauki ilimi da iya gyara wa mai tuƙi kuskurensa daga gaɓa.

Batun dokoki shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne bidiyon ke ɓatar da mai kallo. A tafkunan Turai da Amurka yawancin dokokin wasa na rage gudu ne: an ƙayyade saurin jirgi kusa da gaɓa, an ware wurin masu iyo, an hana tuƙi cikin maye. Akwai kuma ƙa'idojin da duniya ta yi tarayya a kansu, kamar kowa ya riƙe damansa idan an yi gaba da gaba, da kunna jar fitila a hagu koriya a dama da dare. A Ubangi kuwa, haka ma a Neja da Binuwai, abin da ke halaka mutane lodi ne, kuma dokarsa ta girmi duk wani jirgin tsere irin na bidiyon, tun da a 1876 majalisar Ingila, bisa matsin wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll, ta wajabta zana layi a jikin jirgi wanda idan ruwa ya rufe shi an san kaya sun wuce ƙima. Ƙasashen wannan yanki ma ba su rasa rubutacciyar doka ba: a 1999 Kamaru da Afirka ta Tsakiya da Kwango biyu suka kafa hukumar CICOS mai mazauni a Kinshasa don kula da sufuri a kogunan Kwango da Ubangi da Sanga, da kundin da ya tanadi rajistar jirage da takardar shaidar matuƙa da kayan ceto, kamar yadda hukumar NIWA ta Lakwaja ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar ceto a Nijeriya.

Jirgin da talaka ke shiga a nan shi ne balenya, dogon jirgin katako mai injin da ake ratayawa a baya, kuma ana loda shi kamar motar kasuwar ƙauye da yamma: buhunan rogo da jarkokin manja a ƙasa, awaki da babura a kansu, mutane a kan rumfa, yaron jirgi yana rantsuwa cewa da sauran wurin mutum goma. A nan raha ta ƙare na ɗan lokaci, domin ranar Juma'a 19 ga Afrilu 2024 irin wannan jirgi, ɗauke da mutane fiye da 300 da ke tafiya jana'izar wani mai gari, ya kife a kogin Mpoko a gefen Bangui, aƙalla mutum 58 suka rasu, aka yi zaman makoki na ƙasa baki ɗaya. Mutanen gida ba su manta da na Bagwai a jihar Kano ba, a ƙarshen Nuwamba 2021, inda yawancin mamatan ɗaliban Islamiyya ne. Ba ɗaya daga cikin jiragen biyu da ke tsere da kowa. Allah ya jiƙansu da rahama.

Tambaya ta uku, ta kuɗi, amsarta gajera ce. Tseren inji cinye dukiya yake yi, kyautar tseren kwalekwale kuma idan aka raba ta ga gomomin matuƙa da makaɗi da mai kwasar ruwa ba za ta biya kuɗin motar Taubashi daga Garuwa-Bulai zuwa Bangui ba. Fataucin rigar ceto ya fi kama da sana'a, sai dai mai wasiƙa ya lura cewa fasinjan da aka ba ita yakan mayar da ita matashin kai, wani kuma ya ce ajali ba ya duba riga, alhali shi ɗin ne ke kulle shagonsa da kwaɗo uku. Idan kuwa gudun ne kawai ke ran Taubashi, to ba sai an je kogi ba, domin 'yan acaɓan Titin Koudoukou, masu ɗaukar fasinja uku da buhun gawayi su ratsa tsakanin motocin haya masu launin rawaya, suna gudanar da gasa kullum daga asuba zuwa magariba, kuma da damina, idan ramukan titi suka cika, ana samun zamiya a kan ruwa a cikin kuɗin haya ɗaya.

A gaida Kawu da kyau, a shaida masa cewa turaren da ya nema yana hannun wani fatake da zai bi ta Kano. A gaida Goggo, a ce mata kuka da daddawar da ta aiko sun iso, kuma su suka ceci mai wasiƙa daga gozo, wato tuwon rogon mutanen nan, da miyar ganyen koko. Daga ƙarshe ana tunatar da Taubashi, a matsayinsa na ɗan namiji, cewa kuɗin shara na shekarun da suka wuce sun taru a wuyansa, cewa nisan ƙasa ba ya soke bashi a kowace mazhaba, kuma za a karɓa da naira ko da sefa, bisa canjin ranar biya.

Wassalam.

Daga ɗan Goggonsa,
mazaunin Kilomita Biyar.