Su da Kuɗi, Mu da Rali

Wai yanzu samarin Landan da New York sun gano keke mai giya ɗaya. Suna sayen ƙarfen daban, taya daban, sirdi daban, su haɗa, su ɗauki hoto. Wasu ma har firiwil suke cirewa, ta yadda muddin taya na juyawa feda ba ta tsayawa. Masu taurin kai cikinsu kuma su kwance birki, wai ado ne.

To, a Kumbashi, can ƙasar Kontagora, mun daɗe da wayewa ba mu sani ba. Raleigh ɗin kakanninmu, da Phoenix ta Sin, da Hero ta Indiya, duk giya ɗaya ce, taya inci 28. In an zo hawa, giya ta biyu ita ce ka sauka ka tura.

Abin da ya fi ban dariya shi ne awo. Can wurinsu sai an gwada tsawon ƙafarka da tef kafin a ce ƙarfe mai inci 22 ne naka ko mai 24. Nan kuwa keken Baba na kowa ne. Yaro ɗan shekara bakwai zai zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar, ya karkace kamar ƙaguwa, ya kai niƙa ya dawo, ba wanda ya auna shi. Awonmu ɗaya ne: kariya za ta ɗauki buhun masara?

Maganar cire birki kuwa, Malam, ba mu ciki. Akwai awaki a hanya.