Mazaunai Ma Suna da Haƙƙi

Mutumin namu in zai sayi babur, sai ya duba inji, ya murɗa totur, ya ƙwanƙwasa tanki kamar mai zaɓen kankana. Wurin zama kuwa ko kallo bai ishe shi ba. Sai an ɗauki hanyar Kano zuwa Katsina, an wuce Bichi, sannan mazaunai su shigar da ƙara. Kafin Tsanyawa ya koma zama a ɓari ɗaya, masu kallo suna zaton gwaninta ce.

To, in ka je wurin mai ɗinkin kujera, kada laushi ya ruɗe ka. Soso mai laushi a bakin shago kaɗai yake da mutunci. Ana yin nisa zai lotse, ya sada ka da ƙarfe. A sa mai tauri a ƙasa, siririn mai laushi a sama. A ba ta faɗi, amma kada tudu ya hana ƙafarka taɓa ƙasa. In ta gangara gaba, kowane birki sai ka rungumi tanki.

Baƙar leda kuma, ajiye ta a rana cikin watan Afrilu, ka fito daga sallar Azahar ka hau, ka ji wa'azi. Ɗinki a sama yana tsotse ruwan damina, ya mayar wa wandonka washegari, a bar ka da dogon bayani.

Tsawo fa? Kada a ƙara ko taƙi ɗaya. Maƙwabta suna da ido, kuma kowa yana da buhu.