Wai Likita Ya Sa Wa Haihuwa Rana?

To, Hajiya uwar miji, gyara zama, yau da ke nake. Kai ma Maigida kada ka sulale, na hango ka kana laluben takalmi.

An ce maku likita ya ce a kawo Maman Ummi ran Talata da safe a yi mata aiki, sai gida ya ɗauki salati. Wai shisshigi ne cikin lamarin Ubangiji. Ikon Allah! Ku da kuka sa ranar ɗaurin aurenta wata uku kafin lokaci, har da buga kati, ba wanda ya ce kun yi shisshigi. In sha Allahun da kuka ce a ranar, shi ma likitan ya ce.

Ba watan haihuwa ya duba ba, hoton ciki ya duba. Wata mabiyiya ce ta sauko ta tare ƙofar mahaifa, naƙuda na tashi jini zai ɓalle. Wata ɗan ne ya kwanta a gicciye, ya ƙi juyowa. Wata an riga an yi mata aiki sau biyu, ɗinkin na iya yagewa. Hajiya, wanne rubutun sha ne zai ce wa mabiyiya ta matsa gefe?

Na san abin da ke ranki. Ke goma kika haifa a bayan ɗaki, ko tari ba wanda ya ji, su kuwa 'yan zamani ragwaye ne. Allah ya ƙara lafiya. Amma ki ƙirga min sa'o'inki da suka tafi kan gwiwa ba su dawo ba. In kuma kina da kuɗin mota, ki leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina ki ga masu yoyon fitsari. Yawancinsu jarumtar kwana biyu ana naƙuda ce ta kai su can.

Wuƙar da kuke gudu ran Talata da safe, ita ce dai za ta same ku ƙarfe biyun dare, sai dai a lokacin ba jini a ajiye, ba mota, uwa ta galabaita, ɗa ya sha wuya. Na safe kuwa an tanadi jini, ta kwana ba ta ci komai ba, a yi mata allurar baya, idonta biyu za ta ji kukan ɗanta. Maigida, in kuɗi ne ke sa ka wannan tauhidi na gaggawa, a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da yin aikin kyauta ga mata marasa ƙarfi. Je ka tambaya ko asibitinku na ciki.

Ku kuma 'yan gayu da ke dariya a gefe, masu son a ciro yaro ya dace da ranar Sallah, ku ma ba ku tsira ba. In ba larura, likita ba ya son taɓa ciki kafin mako 39, don huhun jariri bai gama ƙwari ba.

Maigida, ragon suna ka riga ka ɗaure shi tun wata na bakwai, na gani. Karɓi biro ka sa hannu a takardar nan.