'Yan "Dama Na Faɗa"

Ranar 2 ga Disamba 2021, Memphis Grizzlies ta yi wa Oklahoma City Thunder dukan kawo wuƙa, 152 da 79. Tazarar maki 73 ke nan, kuma tun da aka kafa gasar ƙwallon kwando ta NBA ba a taɓa tozarta wata ƙungiya haka ba. A wannan dare, ko da fitila ka yi yawo a wajen jihar Oklahoma, da wuya ka samu wanda zai yarda ya san ƙungiyar. Shekara uku da rabi bayan nan, ranar 22 ga Yuni 2025, yaran Thunder suka doke Indiana Pacers 103 da 91 suka ɗaga kofi. Kafin gari ya waye sai ga masu hangen nesa sun cika duniya, kowa na bugun ƙirji yana cewa dama ya faɗa.

Ina suka faɗa? Wa suka faɗa wa? Oho.

Abin da dai muka ji da kunnuwanmu daban ne. A 2019, da manajan ƙungiyar Sam Presti ya miƙa wa Los Angeles Clippers tauraronsa Paul George, ya karɓi wani siririn yaro ɗan Kanada mai suna Shai Gilgeous-Alexander da tarin guraben zaɓen sababbin 'yan wasa, cewa aka yi mutumin ya sayar da yau ya sayi gobe. A tsarin NBA, duk shekara ƙungiyoyi kan zaɓi matasa bi da bi, kuma wadda ta fi shan kashi ta fi samun damar zaɓa da wuri. Presti ya duƙufa tara guraben nan kamar uwar da ke tara wa 'yarta kwanukan aure tun tana goye. Ƙungiyar kuwa ta dinga shan kashi da gaske: wasa 22 ta ci a kaka guda, 24 a ta gaba. Masu sharhi suka yi ta dariya. Da ta kai 40, suka ce an dace ne. Da ta kai 57 kuma Dallas ta fitar da ita a zagaye na biyu na wasannin neman kofi a 2024, sai suka gyara zama suka ce yauwa, ai yaro yaro ne.

Wannan hukunci na "yara ne, ba su da gogewa" shi ne jarin duk wani mai sharhi, domin ba ya taɓa jawo asara. In yaran sun faɗi, ka faɗa. In sun ci, sai ka ce sun goge. A kakar 2024 zuwa 2025 sun ci wasa 68 cikin 82, Shai ya fi kowa zura maki, kusan 33 a kowane wasa, aka ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa, amma duk da haka manya na ta girgiza kai suna cewa a bari a zo inda ake fidda raini. Aka zo. A wasan farko na zagayen ƙarshe, Tyrese Haliburton na Indiana ya jefa ƙwallo a kwando saura ƙasa da daƙiƙa guda a tashi, Thunder ta faɗi 111 da 110 a gidanta. Zo ka ga murna wajen masu sharhi! Bayan wasa na uku Indiana na gaba da biyu da ɗaya, har an fara rubuta ta'aziyya. Mutanen da suka rubuta ta'aziyyar su ne suka riga kowa zuwa barka.

Akwai kuma wata ɗabi'ar da ta fi ba ni dariya. Idan matasa suka yi abin kirki, dole sai an lalubo dattijon da za a jingina wa nasarar, don kada yara su raina mutane. Matsalar ita ce Thunder ba ta da dattijo. A lokacin Shai yana da shekara 26, Jalen Williams 24, Chet Holmgren 23. In ban da Portland ta 1977, ba a taɓa samun zakarun da suka kai su ƙuruciya ba. Shi kansa kocin, Mark Daigneault, LeBron James da har yanzu ke tsalle a fili ya girme shi da 'yan makonni. Da aka rasa yadda za a yi, sai aka naɗa Alex Caruso, ɗan shekara 31, sarautar dattijo, tunda yana da sanƙo kuma ya taɓa cin kofi da Lakers a 2020. Bai kuwa ba da kunya ba. Da aka shiga ɗakin sauya kaya don shagali, aka miƙa wa yaran kwalaben giyar da Turawa kan fesa wa juna a irin wannan rana, sai aka tarar yawancinsu ba su iya buɗewa ba. Dattijo Caruso ne ya tsaya ya koya musu. Ga amfanin babba a gida.

Yaran ma ba su taimaki masu kare su ba. Duk wasan da suka ci, sai su yi wa mai hirar talabijin rumfa, su lafta masa tawul a kafaɗa, wani ya yi ta haushi irin na kare. Da sun faɗi, da wannan haushin shi ne hujjar rashin tarbiyya. Da yake sun ci, yanzu sunansa haɗin kai.

Cutar nan ta tsallako teku, domin mu ma ba a bar mu a baya ba. Wasan ƙarshen da ƙarfe ɗayan dare aka fara shi agogon Najeriya, lokacin da maƙwabcina ke minshari har ana ji ta katanga. Da safe na tarar da shi a teburin mai shayi, waya a hannu, ya kalli taƙaitaccen bidiyo na minti uku, yana ba jama'a labari.

"Malam, ai mun ɗauka!"

"Ku da wa, Alhaji?"

"Mu 'yan Oklahoma mana. Ni fa tun zamanin Durant nake tare da su."

Gaskiya ne ya taɓa zama tare da su zamanin Kevin Durant. Gaskiya ne kuma a 2016, da Durant ya tattara ya koma Golden State, Alhaji ya riga shi isa. A 2019 da Toronto ta ci kofi ya zama ɗan Toronto, hujjarsa ita ce shugaban ƙungiyar, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi, shi kuma yana da ƙanwa da ke aure a Samaru.

Mutanen da na fi tausaya wa su ne na Seattle. A da tasu ce ƙungiyar, sunanta SuperSonics, ta ci musu kofi a 1979, aka kwashe ta zuwa Oklahoma a 2008. Su kaɗai ne ke da cikakkiyar hujjar cewa "tun asali muna tare", kuma su ne suka fi kowa ƙin faɗa. Wasunsu ma Indiana suka yi wa addu'a. Ga kuma 'yan "da a ce", waɗanda har gobe ke cewa da Haliburton bai tsinke jijiyar dunduniya a farkon wasa na bakwai, wato na ƙarshe, ba, da labari ya sha bamban. Su ma sun faɗa, ba a dai gane ba ne.

Alhaji kuwa tuni ya fara leƙen San Antonio, saboda dogon yaron nan ɗan Faransa da suka ɗauka a 2023. Ya ce tun yaron yana ƙasarsu yake bibiyarsa. Na tambaye shi sunan yaron, ya ce in bari cajin wayarsa ya ɗan hau.