Yadda Mai Jita Zai Sauya Bawul Bai Sayar da Gonar Gado Ba

Akwai wata cuta da ke kama makaɗan jita da zarar sun mallaki amfilifaya mai bawul, irin wadda idan aka leƙa bayanta ake hango kwalabe a jere suna ci da 'yar wuta ja-ja. Alamar farko ita ce mutum ya wayi gari ya ce sautinsa ya canza, alhali jiya da wannan sautin ya kwanta yana murmushi. Alama ta biyu, ya fara haddace sunayen masana'antun da aka rufe tun ba a haife shi ba. Daga nan cutar sai ta gangara aljihu. Ba a samo maganinta ba tukuna, amma akwai hanyar da majinyaci zai bi ya sauya kwalabensa, amfilifaya ta tsira, shi ma ya tsira.

Majinyacin yana da uzuri. A 1947 aka ƙirƙiro tiransisto a ɗakin binciken Bell da ke Amurka, ita ce ta zo ta kori bawul daga rediyo da talabijin. A wannan shekarar ce kuma kamfanin RCA ya fito da ƙaramin bawul mai lamba 12AX7, wanda har yau shi ne ke zaune a gaban kusan kowace amfilifayar jita mai bawul. Makaɗa sun ƙi rabuwa da shi saboda idan aka matsa wa bawul ya wuce ƙarfinsa, sautin ba ya tsagewa farat ɗaya, yana yin kauri ne yana gurnani sannu a hankali, gwargwadon yadda hannu ya doki tsirkiya. Wanda ya taɓa jin haka a yatsunsa ba zai ga laifin kowa ba.

To, kafin a taɓa ko sisi, sai an tabbatar laifin na bawul ne. Bawul ya sha ɗaukar alhakin da ba nasa ba: wayar jita da ta tsinke ta ciki, batirin feda da ya mutu, tsirkiyar da ta shekara ba a canza ba har ta yi tsatsa. A cire duk wani tarkace, a jona jita kai tsaye da wata waya daban. Idan matsalar tana nan, sai a kashe fitilar ɗaki a leƙa baya. Shuɗin haske da ke rawa a jikin gilashin babban bawul ba ciwo ba ne, a ƙyale shi. Abin tsoro shi ne farantin ƙarfen da ke ciki ya yi jawur. Wannan kam a kashe nan take, ba sai an ƙarasa waƙar ba. Kowane bawul yana da tabo mai ƙyallin azurfa a cikin gilashinsa. Idan tabon ya koma fari fat, iska ta shiga, sai dai a yi masa ta'aziyya. Fiyus da ke yawan ƙonewa ma galibi babban bawul yake nunawa da yatsa.

Ƙananan kuwa da fensir ake yi musu tambaya. A kunna, a ɗan ɗaga murya, a ƙwanƙwasa kowanne a hankali da gindin fensir mai roba. Lafiyayye zai ɗan amsa ya yi shiru. Mai ciwo zai yi ƙara ta sifika, ya ci gaba da ƙugi ko kuwwa bayan an ɗauke hannu.

An kama mai laifi, sai karatu. A jikin akwatin yawancin amfilifaya ta ciki akwai 'yar takarda manne da ke nuna wane bawul ke zama a wane rami. Wannan takarda ta fi duk abokan majalisa sanin amfilifayar, domin wanda ya ƙera ta ne ya rubuta. Mai jita ya haska tocila ya karanta ta sau biyu kafin ya saurari kowa.

A ɓangaren ƙananan bawul aka ba shi filin wasa, kuma wasan ba shi da tsada. Ana zare tsoho a sa sabo, ba saiti, ba mai gyara. Idan ya ga ECC83 a kwali kada ya rikice, 12AX7 ne da lambar Turai. Shi 12AX7 yana iya ninka sigina har sau 100. Ɗan'uwansa 5751 yana tsayawa a 70, 12AT7 a 60, 12AY7 wajen 40, 12AU7 kuma bai wuce 20 ba, kuma duk ƙafafunsu tara iri ɗaya ne. Ramin da ya fi kowanne tasiri shi ne na farko, wanda yawanci yake kusa da inda ake jona jita, domin duk abin da ya faru a nan sauran za su ƙara masa girma ne kawai. Wanda amfilifayarsa ke fara gurnani tun murya tana kan uku, maƙwabta na aiko yara, ya gwada 5751 ko 12AY7 a wannan rami. Shahararriyar Fender Bassman ta ƙarshen shekarun 1950 da 12AY7 ta fito a ramin farko, kuma babu wanda ya taɓa raina muryarta. Bawul guda na kirki a nan yakan yi abin da mutum ke shirin kashe kuɗin kwalabe takwas a kai.

Manyan kuwa ba su san wasa ba. Su ne ke tura sifika, su ke shan zafi, su ke saurin tsufa. Mai fita wasa a kai a kai yakan canza su bayan shekara ɗaya ko biyu, ƙananan na nan suna kallo. Kowane gida da nasa. Fender Twin Reverb tana cin 6L6GC huɗu ta ba da wat 85, Deluxe Reverb tana cin 6V6 biyu ta ba da wat 22. Vox AC30, wadda The Beatles da Brian May suka ɗaukaka, EL84 huɗu take ɗauka. Marshall mai wat 100 kuma EL34 huɗu.

A nan shaiɗan ke raɗa wa mai Fender cewa ai EL34 yana shiga raminsa daram, me zai hana ya zama Marshall kafin magariba? Shiga rami ba shaida ba ce. Zaren da ke ɗumama 6L6GC amfiya 0.9 yake ja, na EL34 kuwa 1.5. A ninka wannan bambanci sau huɗu, a ɗora wa tiransifomar da ba a yi ta don haka ba, ƙauri ne zai sanar da sakamako, kuma sauya tiransifoma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Ƙafa ta ɗaya ma aikinta daban a cikin biyun. Haka EL84 yana iya zama a ramin 12AX7 tunda shi ma ƙafa tara gare shi, amma ba gurbinsa ba ne ko kusa. Bawul mai juya wuta, a amfilifayar da ke da shi, dokarsa ɗaya: GZ34 na jan amfiya 1.9, 5U4GB na jan 3, saboda haka ba a musanya su da ka.

Abin da zai kwantar wa majinyaci da hankali shi ne tarihin Marshall ɗin kanta. Lokacin da Jim Marshall da ma'aikatansa suka haɗa JTM45 a 1962 a yammacin Landan, tsarin Bassman suka bi, da bawul na Amurka mai lamba 5881. Daga baya suka koma KT66, sannan EL34, wanda ya fi sauƙin samu da araha a Ingila. A shekarun 1970 kuma dillalinsu na Amurka ya riƙa cire EL34 yana sa 6550 domin ya fi jure wahalar hanya. Duk waɗannan Marshall ake ce musu, duk an yi faya-fayai da su. Tsarin wayoyi da tiransifoma da sifika su ne ke riƙe da kaso mafi girma na muryar amfilifaya.

Manyan bawul ana sayensu ne biyu-biyu ko huɗu-huɗu, waɗanda mai sayarwa ya auna ya tabbatar suna jan wuta daidai da juna, ya rubuta lambar a kwali. Sai maganar bayas, kalmar da ke sa sabon shiga gumi. Kamar saita silo ne a babur: a yi ƙasa da shi inji ya riƙa shaƙewa, a yi sama da shi ya riƙa ƙona mai yana zafi a tsaye. Bawul da aka bari da sanyi sautinsa siriri ne mai kaushi, wanda aka bari da zafi kuma ajalinsa kusa yake. Masu gyara da yawa ba sa wuce kashi 70 cikin ɗari na zafin da farantin zai iya ɗauka, wanda iyakarsa wat 25 ce a EL34, wat 30 a 6L6GC. AC30 da 'yar ƙaramar Fender Champ suna daidaita kansu, a sa kawai a kaɗa. Twin Reverb da manyan Marshall sai an auna an murɗa. Mesa/Boogie ta kulle nata bayas ɗin, tana sayar da kwalaben da ta tace don su dace da shi.

Aunawar nan aikin mai gyara ne, kuma a nan babu raha. Cikin amfilifaya ana samun bolt 400 zuwa 500, kuma kafasitoci na iya riƙe wutar bayan an zare filogi daga bango. Kuɗin mai gyara a biya da fara'a.

Saura sunaye, inda cutar take kai mutum gadon asibiti. Zai ji labarin Mullard na garin Blackburn a Ingila, da Telefunken na Jamus mai tambarin lu'ulu'u a gilashin gindinsa tsakanin ƙafafu, da RCA mai baƙin faranti. Kwalabe ne masu inganci da gaske, an yi su lokacin da sojoji da gidajen rediyo da kamfanonin tarho ke saye da yawa suna kuma mayar da duk wanda bai cika ba. Amma masana'antun sun daina tun tuni, ragowar da ba a taɓa amfani da ita ba tana ƙarewa, kuma buga tambari a gilashi ba ya yi wa ɗan damfara wuya. Wanda zai sayi tsohon kaya ya nemi wanda ya auna shi a na'ura ya kuma yarda a mayar masa.

Sababbi kuwa daga wurare 'yan kaɗan suke fitowa. Akwai JJ Electronic a garin Čadca na Sulobakiya. Akwai masana'antar Saratov a Rasha, mallakar kamfanin New Sensor na Mike Matthews, mai Electro-Harmonix. Daga can ake fitar da Sovtek da Tung-Sol da Genalex, har da Mullard na yanzu, domin sunan aka saya, ba ginin Blackburn ba. Sai masana'antun Sin. Don haka abokai biyu za su iya raba dare suna musu a kan kwali biyu daban da suka fito ta ƙofa ɗaya. Ƙarancin masana'antun ya bayyana a watan Maris na 2022, lokacin da Rasha ta sanar da hana fitar da wasu kayayyaki bayan soma yaƙin Yukiren: farashi ya yi tsalle, shaguna suka ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai saya, waɗanda ba su da matsalar komai suka cika durowa.

Mai amfilifayar da aka shigo da ita daga Amurka zuwa Kano ko Yamai yana da ƙarin aiki ɗaya. Can wutarsu bolt 120 ce, nan 220 zuwa 230, saboda haka sai da tiransifomar rage wuta, kuma janareta mai hawa da sauka yana cinye zaren bawul ko da na Blackburn ne. Sitabilaiza ta riga kwalba mai tsada a jerin sayayya.

Ranar sawa, a bar tsofaffin su huce tukuna, gilashin yana ƙona yatsa. A kama babban bawul ta gindi, a ɗan jijjiga shi a hankali ana ja. Sandar tsakiyarsa tana da ɗan tudu da ke bin tsagar ramin. Ƙaramin kuma yana da giɓi tsakanin ƙafa ta ɗaya da ta tara. Abin da ya ƙi shiga ba a danna shi. Kada a kunna sai an tabbatar sifika tana jone, domin amfilifaya mai bawul da ba ta da inda za ta zuba ƙarfinta tana iya kashe tiransifomarta. A canza ɗaya, a saurara, sannan na gaba. Wanda ya canza duka lokaci guda ba zai san wa zai gode wa ba. Idan yana son gaskiya tsantsa, ya ɗauki sautin a waya kafin da bayan, ya ba abokinsa ya kunna masa ba tare da ya faɗa masa wanne ne wanne ba.

Tsofaffin da ke da sauran rai ba a zubar da su. A rubuta wa kowanne lambar ramin da ya fito, a naɗe su a safa mai kauri, a sa a jakar jita tare da fiyus biyu masu daidai lambar da ke rubuce a bayan amfilifayar.