Ɗan Gwaggo, Lissafo Mana Manyan Gwaram

Ɗan Gwaggo, ina gajiyar iyo? An ce kogi ya kawo, shi ya sa kwana biyu wayarka ba ta shiga, kana can kana shanyar katifa. Allah ya kyauta.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne cika bakin da ka yi ranar sunan nan a Dutse, inda ka miƙe a gaban surukai ka ce Gwaram ta fi Birnin Kudu. Na ce to, lissafo mana manyanku. Ka gyara zaman hula ka ce akwai Sarkin Ruwa. Na ce sai wa? Ka ce mai fito. Na ce sai kuma wa? Ka ce ai tarwaɗar ma da girmanta. Allah ya so ka, a daidai nan aka shigo da tuwo.

To tanadi yatsu, ga namu. An ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, kuma gwamnan farar hula na farko, Barista Ali Sa'ad Birnin Kudu, wanda ya hau a 1992, sunan garinmu ne a ƙarshen sunansa. Sule Lamido na Bamaina ya riƙe ministan harkokin waje daga 1999 zuwa 2003, ya dawo ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015. Gwamna biyu daga ƙaramar hukuma ɗaya ke nan. Ku kuwa abin da kuke da shi biyu sunan gari ne, Gwaram Tsohuwa da Gwaram Sabuwa. Da kuka rasa abin ƙirgawa sai kuka ƙirga garin sau biyu.

Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu fa? A kan bencinta Aliko Dangote ya zauna yana ɗaukar darasi. Asibitin tarayya ma a nan yake, kuma ba sai na tuna maka ba, don nan aka kawo ka ranga-ranga ranar da ƙayar kifi ta tsaya maka a maƙogwaro, kana nuni da hannu kamar kurma.

Hatta duwatsunmu suna da abin faɗa. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu marasa tozo da mutanen dauri suka bari, wanda masana suka yi ta zaryar dubawa tun shekarun 1950. Ga kuma duwatsun da in ka ƙwanƙwasa sai su amsa kamar kuge. Ku ma kuna da Farin Dutse, na sani. Nuna min ko ɗan akuya da aka zana a jikinsa, in ba ka goro.

Na san inda za ka laɓe. Za ka ce a Majalisar Wakilai Gwaram kujerarta ita kaɗai, mu kuwa tarayya muke da Buji. Wannan ai rowa ce, ɗan Gwaggo. Mai tuwo shi ke kiran maƙwabci.

Sai dai tun da gaskiya ɗaya ce, bari in faɗi abin da kake ta yi min barazanar tonawa. Daminar bara na tafi gaida Gwaggo a ƙauyenku na tsallake, na sha babbar rigar shadda, ina ta ƙamshi. Ni da kai muka tarar kogi ya cika ya batse, jajawur, yana tafe da kara da rassan itace. Mai fito, wani dattijo da guntun wando, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, tuɓe takalmi, zauna tsakiya, kada ka motsa." Aka ɗora babur, aka ɗora buhun masara, aka ɗaure akuya a ƙafata. Muna kaiwa tsakiya ruwa ya fara tsattsafowa ta gindin kwalekwale, sai ya miƙo min ƙoƙo ya ce, "Kwashe." Na hau kwasa ba musu, bakina na karanto duk addu'ar da na haddace tun ina makarantar allo. Na tuna ruwan nan Jama'are ya nufa, ya haɗu da kogin Hadeja, su gangara Yobe har Tafkin Chadi, na ce ashe ɗan Birnin Kudu zai fita ƙasar waje ba fasfo. Kai kuwa kana gaba kana ƙyaƙyata dariya har da riƙe ciki. A wurin nan ba wanda ya tambaye ni gwamna nawa muka yi. Sandar dattijon nan ce ta fitar da mu, bayan ikon Allah.

Saboda haka na yanke hukunci: a rubuta mai fito cikin manya, ya cancanta. Kuna da ɗaya ke nan. Tarwaɗa kuwa ba ta shiga lissafi sai a cikin miya.

Cika-ciki na tafe, kuma shari'ar kuɗin shara tsakanina da kai ba ta mutu ba. Ka taho da bandar kifi, manya, ba irin ƙananan da ka kawo bara ba. Ka gaida Gwaggo, ka ce mata ina nan zuwa da rani, in kogin ya koma yashi.